Jan Fenti a Jikin Mangwaronmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Sababbin Ƙa'idojin Gina Gidajen Zama,
Minna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamitinka. Allah ya sa haka, amin.

Ni matar aure ce, ina zaune a Ketaren Gwari da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Maigidana akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, balle jarida. A rediyo na ji an ce an ɗora muku aikin tsara yadda za a riƙa gina gidajen zama a garin nan, ta yadda gini zai dace da iska da rana da ruwan sama, kuma kun ce duk mai shawara ya kawo. Ban sani ba ko da irina ake, amma na ɗauki maganarku yadda kuka faɗe ta. Abin da ya sa na bi ta jarida kuwa, lokaci ne ya ƙure mini. An shafa wa bishiyar mangwaron da ke filinmu jan fenti, an ce kafin ƙarshen watan nan a sare ta.

Ka yi haƙuri in faɗi yadda abin ya faro.

Na ɗaya, gidan da muke haya. Ni a Tudun Wada na tashi, a gidan ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, da darbejiya a tsakar gida. Mai yawan karance-karance ce ni, Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Akwai mai ba da hayar littattafan soyayya a bakin kasuwa, in an kawo sabo ni yake fara ajiye wa. A cikin littattafan nan, duk amaryar da aka kai gidan miji gidan bulo ake kai ta, da furanni a ƙofa, da iska mai kaɗa labule tana shigo da ƙamshi. Ranar da aka ce mini gidan bulo da kwano za a kai ni, da hannuna na ɗinka labulen ɗakin kwana, shuɗi mai ratsin fari, don in ga iska tana wasa da shi. Tun da na rataye shi bai taɓa motsi ba sai in ni na ture shi.

Gidan yana cikin layin gidaje masu zane iri ɗaya. Falo da baranda suna kallon titi, wato gabas, ɗakin kwana kuma yana baya, bangonsa yana fuskantar yamma. Taga ɗaya ce a ɗakin, ba wata a gabanta da iska za ta fita. Silin ɗin ma in maigidana ya miƙa hannu yana taɓa shi. Kafin a yi gidajen an sa katafila ta share wurin ƙaf, ko tsinke ba a bari ba, tsakar gida kuma an malale ta da siminti. Daga azahar rana take sauka a kan bangon nan har faɗuwarta. In ka dafa shi bayan la'asar sai ka janye hannu. Abin da ya sha na zafi da rana shi yake amayar mana har gari ya waye. In an kawo wuta fanka ta yi ta juya iskar zafi, in an ɗauke kuma sai mafici.

Na biyu, abin da ɗakin ya yi wa yarinyata. A bazarar bara ba ta ma fara rarrafe ba. Ƙurajen zafi suka feso mata tun daga wuya har gadon baya. Na riƙa jiƙa zani ina shimfiɗa mata, kafin in gama wanke-wanke ya bushe. Wata rana bayan la'asar na shiga in ɗauke ta, na tarar jikinta kamar an sauke tukunya, idanunta sun kakkafe, tana jijjiga. Maigidana yana wurin aiki. Maƙwabciyarmu Mama Saratu, wata dattijuwa manomiya wadda danginta suka riga kowa zama a unguwar nan, ita ta fizge ta daga hannuna ta goya, muka tari mota zuwa asibiti ko takalmi babu a ƙafata. A hanya ba abin da nake tunani sai sanƙarau, don a lokacin ana ta maganarta a gari. Allah ya kiyaye, ba ita ba ce. Likita ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, aka yi mata ƙarin ruwa. Da za a sallame mu ya tambaye ni inda take kwana, na kwatanta masa, ya ce in ina son ta kada ta sake yin bazara a ɗakin.

Sauran kwanakin zafin a gidan Innata na yi su a Tudun Wada. A ɗakin ƙasar da na tashi ciki yarinyar ta yi barcin da ba ta taɓa yi a gidan ubanta ba. Amma matar aure ba za ta riƙa kwashe kaya tana komawa gida duk shekara ba. Mutane har sun fara tambayar Inna ko yaji na yi.

Na uku, filinmu. Maigidana ya daɗe yana tattali, ya sayi ɗan fili a ƙarshen layinmu daga hannun dangin Mama Saratu. Gonarsu ce a da. A ƙarshen filin, ta yamma, akwai wannan mangwaro, mijinta marigayi ne ya dasa shi. Katafila ba ta kai nan ba. Ranar da aka yi ciniki Mama Saratu ba ta roƙi komai ba sai cewa a bar mata bishiyar a tsaye, ko da ba za a ba ta 'ya'yan ba. Maigidana ya yi mata alkawari. Ni kuwa tun ranar na gama gina gidan a zuciyata. Na ga inda zan shimfiɗa tabarma, na ga inda zan ajiye randa, har na ga yarinyar ta girma tana tsintar mangwaro a bakin zaninta.

Da ya je neman izinin gini, ya so ya yi da bulon jan ƙasa, ya ɗaga rufin sama, aka ce masa ba a buga wa ginin ƙasa hatimi a sabuwar unguwa. Aka miƙo masa zane, sai ga shi irin na gidan da muke haya ne sak, ɗakin kwana a yamma. Ya karɓa, don yana ganin bishiyar za ta tare mana rana. Haka aka yi. Yanzu an yi rufi, an sa ƙofofi. Nakan je da yamma in zauna a ɗakin da ba a ko shafe ba, in jingina bayana da bangon yamma, in ji shi da sanyi. Ban san yadda zan kwatanta maka abin da nake ji a lokacin ba.

Na huɗu, ranar jan fenti. Saura rijiyar sokawe, inda ruwan banɗaki zai riƙa tafiya. A zanen da aka ba mu, an ɗiga ta daidai inda bishiyar take. Wanda ya yi zanen bai taɓa ganin filinmu ba, zane ɗaya ne ake raba wa kowa. Mai duba gini ya zo da hantsi a motar ofis. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ladabi, ya gaishe ni, ya sha ruwan da na kawo masa, bai kuma nemi komai a hannunmu ba. Maigidana ya nuna masa gefen kudu inda akwai sarari, ya roƙe shi a mayar da sokawen can. Mutumin ya ce zanen da aka buga wa hatimi ba ya canzuwa a bakin fili, sai dai a sake neman izini daga farko, kuma ko an sake, ba inda ƙa'idarsu ta ambaci bishiya, don haka ba shi da hujjar da zai rubuta. Ya ce in ba a haƙa rijiyar a inda zane ya nuna ba, ba za a ba mu takardar shiga gida ba, ba kuma za a ja mana famfo ba.

Daga nan ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya dubi ƙasa, ya yi 'yar dariya ya ce wa maigidana: "Malam, wannan da kuke ta rigima a kanta ai ko inuwa ba ta ba gidan. Duba, duk a filin wani take zubawa."

Gaskiya ya faɗa, Ranka ya daɗe. A lokacin da yake tsaye rana tana gabas, inuwar duk ta kwanta yamma, a bayan katanga. Da safe kowace bishiya haka take. Ni ina bakin ƙofa da goyo, na buɗe baki in ce ya dawo bayan azahar ya gani, kunya ta hana ni tsoma baki a maganar maza. Kafin in yi shawara ya ciro gwangwanin fenti ya zana alama a jikinta. Daga baya na bincika, aka ce mini masu duba gini duk da safe suke fita, don motar takan koma ofis kafin azahar. Ashe duk gidajen layinmu da sanyin safiya aka duba su aka ce sun yi. Ba wanda ya taɓa dafa bangon yamma a lokacin da yake ƙuna.

Tun ranar Mama Saratu ba ta sake bi ta gefen filin ba, takan zagaya ta bayan coci. Ba ta ce mana komai ba, da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Maigidana ya gaji. Ya riga ya yi magana da masu saran itace. Da na ce zan rubuta wannan takarda ya ce littattafan nan ne suka sa nake zaton in an rubuta wa babban mutum wasiƙa yakan karanta har ya share hawaye. Na ce to a bar ni in gwada. Washegari ya dawo mini da takardu da biro daga wurin aiki.

Na san akwai masu cewa saiwar mangwaro tana fasa gini. Ban musa ba, ni ba injiniya ba ce. A zo a auna. In an ga ta matse gidan, a datse saiwar da ke ɓangaren, ko a rage rassa. Abin da na kasa ganewa shi ne a kashe bishiyar da ta girme ni don ramin da za a iya haƙawa a ko'ina.

Saboda haka ga roƙona.

Da farko, a dakatar da saran har a sake dubawa, a kuma yarda mu mayar da sokawen gefen kudu. Wannan shi ne na gaggawa, don bazara ta ƙarato.

Sannan, a cikin sababbin ƙa'idojinku a rubuta bishiya. Kafin a ba da zane a je a ga abin da ke tsaye a filin, a sa shi a cikin zanen. A daina sakin katafila ta aske unguwa kafin a raba filaye. Wanda ya sare don dole, a sa shi ya dasa.

A daina ba kowa zane ɗaya ba tare da an duba inda rana take faɗuwa ba. Ɗakin kwana ya samu tagogi biyu masu kallon juna, a ɗaga silin, bakin kwano ya fito ya rufa wa bango. A bar wa tsakar gida ƙasar da za ta sha ruwan sama, don a layinmu in an yi ruwa mai ƙarfi ba shi da wurin zuwa sai ɗakunanmu. Kuma a sake duba hana ginin ƙasa. In ƙarfinsa ake tsoro, a faɗi yadda za a ƙarfafa shi. Tun da Minna ta zama babban birnin jiha ake ta gini, ina ganin har yanzu ba a tambayi matan da ke yini a cikin gidajen ba. Maza da safe suke fita, su dawo da magariba.

Na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba zai ci wa hukuma komai ba, a riƙa duba gini da yamma. Ina gayyatarka kai da kanka, Ranka ya daɗe, in girmanka ya yarda. Ka zo bayan la'asar. Ka fara shiga gidan da muke haya ka dafa bangon ɗakin kwana, sannan mu taka zuwa ƙarshen layi ka dafa ɗayan. Bayan haka duk hukuncin da ka yanke ba zan sake rubuta wa kowa ba.

Wataƙila ka lura tun farkon takardar nan ban ambaci sunan yarinyar ba. 'Yar fari ce, kuma ka san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba, ko ranar da nake gudu da ita zuwa asibiti. Kunya ta hana ni magana ranar da aka shafa fenti, ba zan bari ta sake hana ni ba. Inna za ta ji an karanta wannan a jarida, za ta ce na zubar mata da mutunci, na kuma yarda. Sunanta Maryam. Ta fara tafiya a watan jiya. Ita ce za ta kwana a bayan bangon nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora a wannan aiki, ya raya maka zuriyarka, ya sanya ka a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.

Wassalam.

Hajara, mahaifiyar Maryam,
Ketaren Gwari, Minna.