Wa Ya Fi Bahago Jifa?

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau Ɗalha da Shehu suka zo daga Kankiya, wai gaida Malam, maigidana. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta kwantar da shi kafin azumi ba su ƙara leƙo Kusada ba, kuma ashe yau ɗin ma ba gaisuwa ce ta kawo su ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejinmu ta gyara filin ƙwallon kwando, an zuba sabon siminti, an kafa sababbin kwanduna. Za a rubuta a bangon filin sunan wanda ya fi kowa iya jifa a tarihin makarantar, kuma ƙuri'a za a yi a zaurenmu na wasap. Shi ne Ɗalha, don yana taƙamar shi ne shugaba, ya miƙe ƙafa a falona ya ce a ganinsa Bubayero ne na ɗaya, sai wani Auwalu na 'yan bayan nan, sannan Labaran, wato Malam.

Sannan Labaran. A gaban mutumin, ga hannun hagunsa kwance a cinya kamar ba nasa ba. Hannun da ya sa duk Kankiya ba a san shi da wani suna ba sai Bahago.

Da ma yanzu Malam ba ya yawan magana. Ni ce na kwashe kofuna tun ba su gama sha ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na uku. Da abin na kwana, da shi na tashi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ni ba labari aka ba ni ba. Ina cikin 'yan wasan mata a lokacin, fili ɗaya muke atisaye da su, mu fara su biyo baya. Na san yadda kowa ke jifa. Bubayero dogo ne, ban hana shi ba. Amma abin da ya iya shi ne ya laɓe a kusurwa ya jira a miƙo masa, ba kowa a kansa, ya saita a natse kamar mai zuba hatsi a buhu. Malam kuwa mutum biyu ake sa wa su tsare shi. Yana juyawa sai ka ga ƙwallo ta tashi daga hagu, ko ƙarfen kwandon ba ta taɓawa, motsin ragar kawai za ka ji. Wasan ƙarshe da aka yi a Katsina, ana gabanmu da maki biyu, alƙali ya kai usur baki, wa ya jefa daga bayan layin maki uku?

Da na dawo daga makaranta na zauna na faɗi duk wannan a saƙon murya na tura zaure. Shehu ya fara amsawa, wai ba a karɓar shaidar mace a kan mijinta. Wani yaro da ban ma sani ba ya turo bidiyon 'yan wasan jami'o'in Amurka, wai mu kalla mu ga jifa, mu daina kiran kowa gwani a Kankiya. Wani kuma ya ce Hajiya ki bar wa maza. Ni da na yi wasan da hannuna! Shi mai maganar ko ruwa ban taɓa ganin ya miƙa wa ɗan wasa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Malam ya sake ƙin motsa jikin da aka ce ya riƙa yi. Mai gashin ƙashi ta gaya mini a gabansa cewa in ya ci gaba da zama ƙafar za ta sandare, ya juya mata ƙeya. Masallaci ma ya ƙi, wai ba zai fita ana bin sa da sannu sannu kamar gidan makoki ba. Sumaiya 'yarmu ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito kamar ba ita ba. Ɗiyar nan ta fi ni haƙuri.

Da la'asar ina tsintar wake a tsakar gida ina sauraren saƙonnin zaure. Ɗalha na ba da labarin wasan Katsina, yana cewa daga dama aka yi jifan. Sai na ji muryar Malam daga ɗaki: “Mayar da shi baya.” Na mayar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ƙarya Ɗalha yake yi, daga hagu ne, dab da teburin masu rubuta maki, kuma Ɗalha ma a ranar zazzaɓi yake yi, a mota ya kwanta. Rabon da in ji ya jera magana haka na manta. Nan take na tura musu, na ce daga bakin mai jifan ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Zaure ya hargitse. Mutum biyu sun fita, an lallaso ɗaya ya dawo. Manya da gemu.

Talata, 14 ga Oktoba

Bubayero da kansa. A kan mashin daga Kaikai, da ƙwaryar kindirmo ɗaure a baya. Ya tsufa, amma tsawon yana nan, sai da ya sunkuya a ƙofar falo. Yanzu allurar dabbobi yake yi, yana kiwon nasa. Na ɗauka kunya ce ta kawo shi, zai ce Ɗalha ya yi kuskure, a yi haƙuri. Ina!

Bai ce sannu ba, bai tambayi jiki ba. Ya zauna ya dubi Malam ya ce, “Kaɗo, na ji matarka na ta hayaniya a waya. Kai dai tsakaninka da Allah ka san na fi ka.”

Na tsaya da tire a hannu. A gidana. Ga mutum ba lafiya.

Malam ya buga sanda a ƙasa har sai da Sumaiya ta leƙo. Ya ce ɗan Fulani in ba a miƙo maka ba me ka iya, wa ke jan mutum biyu ya bar ka kai kaɗai a kusurwa? Bubayero ya ce to mi ya hana kai ma ka tsaya inda ba kowa, in ba son a gani ba? Suka hau juna, wasan Daura, wasan Malumfashi, wanda ya zubar, wanda alƙali ya cuta. Bakin Malam na karkacewa, wasu kalmomin ba sa fita sosai, amma ɗan Fulanin nan bai taɓa tsayawa ya taimaka masa ba, sai dai ya ce faɗi da kyau ban ji ba. Rashin imani. Can Malam ya ce bari ya nuna masa inda ya tsaya a Katsina. Ya dafa sanda ya miƙe, ya taka daga kujera har bakin ƙofa, ya ce nan ne, kwando kuma can wajen taga.

Da zai tafi ya ce mini uwargida sai ya sake zagayowa.

Ba wanda ya riƙe Malam da ya taka ɗin. Sai bayan magariba na lura.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Malam ya ce a dama masa fura da kindirmon nan. Ni dai ban sha ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Wannan ya fi duk na baya. Shehu ya yi dogon saƙo, murya a sanyaye kamar mai wa'azi. Wai 'yan uwa a ji tsoron Allah, a dubi halin da Labaran ke ciki, a bar musu a ba shi kawai, ba a san gobe ba. Mutane suka yi ta turo amin, Allah ba shi lafiya, har da hoton hannu ana addu'a. Ɗalha ya ce shi ma ya janye.

Ban yi saurin kashe wayar ba, Malam ya ji duka. Ya ce a kai shi gado. Tuwon dare ko kallonsa bai yi ba.

Sadaka za su ba shi. Mutumin da suka ɗauka a kafaɗa daga bakin tasha har cikin makaranta. Gara Ɗalha da na ukunsa sau dubu.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Bayan azahar Bubayero ya kira, shi ma ya ji. Ban san abin da ya ce ba, na dai ji Malam na cewa kai ma haka ka gani ko. Da suka gama ya ce in danna masa wurin magana. Ya yi sau uku yana sa ni in goge, don kalmomin na sarƙewa. Na huɗun ya fita:

“Labaran ne. Ban mutu ba. Wanda ya ga na fi, ya zaɓe ni. Wanda ya zaɓe ni don tausayi ban yafe ba, kuma in aka rubuta sunana a haka zan zo da hannuna mai lafiya in kankare.”

Sai ga Bubayero ya turo nasa, wai kada ya damu, ba za a ma rubuta ba. Malam ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

An ƙirga. Auwalu ya ci. Auwalu! Yaran da suka gama jiya jiya sun fi mu yawa a zauren, suka taru suka zuba wa nasu. Bubayero na biyu, Malam na bin sa a kusa. Mutanen da ba a ma haife su ba lokacin wasan Katsina su ne masu yanke hukunci a kan tarihi.

Kafin la'asar ɗan Fulani ya iso, ko hular kwano bai cire ba ya fara faɗa. Yau bakinsu ɗaya. Wai yaran yanzu ba su san a tsare mutum ba, wai ƙwallon yanzu ta fi sauƙin riƙewa, wai a filin da suka yi wasa rami ya fi siminti yawa. Ƙarshe Malam ya ce sai ya ga wannan Auwalun da idonsa ranar buɗe fili. Na ce Kankiya fa, Malam. Ya ce ya san hanya. Ya ce in fito masa da farar babbar rigarsa a goge.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ɗalha ya turo mota, ko ba komai ya yi wannan. Hanya duk dawa ta nuna, Malam na ta kallon gonaki ta taga har muka shiga gari. A bakin fili mutane suka taso da sannu sannu ɗin nan, na ga fuskarsa ta fara canzawa. Bubayero ya ratsa su ya ce ku ba na uku hanya ya wuce. Da sandarsa Malam ya taka har kujera.

An yi jawabai masu tsawo. An yaye ƙyalle, ga sunan Auwalu da koren fenti. Ban tafa ba.

Sai aka ce ya nuna abin da ya iya. Magidanci ne ashe, har da 'yarsa a hannun matarsa, yanzu shi ke koyar da wasanni a wata sakandare. Ya fara daga kusurwa ya bi layin maki uku yana zagayawa. Aka sa masa mutum ɗaya, aka ƙara na biyu. Yana ja da baya yana saki. Na yi ta jira in ji ƙarar ƙarfe. Na jima ina jira. Su biyun nan da suka cika mini gida da surutu, ko tari.

Da ya gama ya zo ya durƙusa gaban Malam, ya ce Baba tun yana aji ɗaya ake ba su labarin Bahago. Ya ɗora masa ƙwallon a cinya. Na so in hana. Malam ya miƙe, Bubayero ya riƙe masa sanda, ya tallabi ƙwallon da hannun dama, hannun da bai taɓa jifa da shi ba. Ya jefa. Ko rabin hanya ba ta kai ba, ta faɗi ta gangara wajen kujerun manyan baƙi.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Bubayero ya ce, yadda kowa zai ji, “To kun gani. Da ma haka yake yi tun da can.”

Malam ne ya fara fashewa da dariya, sannan kowa. Ya ce a miƙo masa ita. Sai da ya jefa har ya gaji, ta ƙarshen ta taɓa ƙasan raga, yara suka yi ihu kamar an ci kofi. A mota ya yi barci da ƙurar ƙwallo a gaban farar rigar.

Talata, 28 ga Oktoba

Malam ya je masallaci sallar azahar da la'asar. Mai gashin ƙashi ta ce me aka ba shi.

Auwalun can dai... yana da hannu. A nan kawai zan faɗa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Tun hantsi Malam ya sa Sumaiya ta fitar masa da kujera ƙofar gida. Duk mashin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Har azahar ba kowa. Ya dawo ciki ya ce wataƙila shanu ne suka riƙe Bubayero, ya zauna yana juya carbi.

Ban canza ra'ayi ba. Malam ne na ɗaya, ko sun rubuta ko ba su rubuta ba, kuma ɗan Fulanin nan ba shi da ta ido ko kaɗan. Na ɗauki wayar Malam na shiga kicin na kira shi. Ya ce yana can rugar wasu yana yi wa shanu allura, lafiya dai uwargida?

Na ce lafiya lau. Na ce Malam ya ce ko a wasan Daura ma shi ya fi ka maki.

Malam bai faɗi haka ba. Na ji ɗan Fulani yana salati, yana cewa wani ya riƙe masa saniyar nan. Na ƙara shinkafa a tukunya.