Libarbar Kallamu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Ina Xintang tun safe, garin maɗinka a nan ƙasar waje da nake saro kaya, ina duba ɗinkin wandunan jins. Sai ga saƙon ƙanena Kallamu daga gida. An sake fasa masa shagon magani, karo na biyu, wai libarba zai saya, ta hannu. Ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da ke juyawa. "Yaya, kai ne ka san su, duba min." To wa zai tambaya in ba ni ba? Shekara goma sha tara ina riƙe da makullin ɗakin makamai kafin in ajiye kaki. Na ce takardar izini fa? Ya ce ana kai. Hmm.

Talata, 5 ga Nuwamba

Hotuna uku na ta farko. Ko tabarau ban saka ba. Baƙin fenti sabo fil a kan tsatsa, kawunan kusoshin duk an cinye su da sukundireba. Wadda aka sha buɗewa haka, ciwo gare ta. Na ce ya mayar wa mai ita, ya gaishe shi.

Tankari, Bamaraɗen da muke ɗaki ɗaya, ya leƙo wayata ya yi tsalle. "Saje, rufa mana asiri! Ƙasar da ko bindigar roba sai a kama mutum?" Na ce hoto ne, malam, ba ya tashi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta biyu ta fi ta farko muni. Gidan harsashin yana rawa kamar haƙorin tsohuwa, ga tsaga siririya kusa da gindin bututun. Wannan mai harbin za ta fara ci. Kallamu ya ce, "Wallahi Yaya, kamar kana wurin." Na ji daɗi, ba ƙarya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Laoban, wato mai masana'antar, ya ce meyo, babu ke nan, shuɗin yadin da nake so ya ƙare. Sai mako mai zuwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ta uku. Wannan kam bindiga ce. Ƙarfen ya koɗe inda hannu ke taɓawa, koɗewar gaskiya, ba fenti. Kusoshi lafiya. Ya ɗana, na ji ƙarar a bidiyo, ƙas, tsaf, ba gargada. Tsohon da ya riƙe ta ya san mai da tsumma. Saura cikin bututu. Na ce gobe ya haska fitila ya juyo min bakinta in gani. Haka nake yi tun ina kofur.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Bidiyon ya zo ina cin taliya a shagon Musulmin nan na bayan kasuwar Baima, bayan la'asar.

Ya juyo bakin, yadda na ce. Bututu fes. Amma a ramukan gefe ga kawunan harsashi suna ƙyalli, na ƙirga huɗu. Yatsansa a kan kunama. Yana dariya. Sai muryar Radiyya, matarsa, dab da wayar: "Abban Hawa, matso da ita, bai fito sosai ba." Ita ke riƙe da wayar. Cikinta wata bakwai.

Na kalla sau shida. Taliyar ta huce.

A ɗakin makamai ba wanda ya taɓa miƙo min bindiga sai ya buɗe ta, ya zazzage, ya nuna min ramukan wayam. Ba na ma faɗa, kowa ya sani. Shi ya sa ban faɗa ba. Mako guda ina duba ƙarfe, ban duba hannun da ke riƙe da shi ba. Ni na ce ya juyo.

Na kira shi. Na ce ya kwantar da ita, bakin ya kalli bango, ya fita da Radiyya, ya kira mai ita ya zo ya kwashe kayansa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

"To Yaya, ya ka gan ta?"

Na ce bututun ya kumbura daga ciki, ba ta da rai. Ya ce shi bai ga komai ba. Na ce shi ya sa ka tambaye ni. Ya ce haka ne.

Ban taɓa yi wa bindiga ƙazafi ba sai yau. Mai kyau ce, wallahi. Irinta biyu na taɓa gani.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sayi kwaɗon ƙofa shida manya, fitilun sola huɗu masu kamawa da motsi, jiniya ɗaya mai tsaga kunne. Na gwada kowanne da hannuna har mai shagon ya gaji. Na kai kamfanin kago da adireshin Kallamu, ta filin jirgin Baiyun za su tashi jibi. Tankari ya ce, "Saje, ka koma gadi ke nan?" Na ce kaya ne kawai, akwai kasuwarsu.

Kallamu ya turo hoton wata, ta huɗu. Wai wannan fa?

Ban buɗe ba. Na rubuta masa: ita ma ba ta da kyau.