Itacen Jego

Gummi, Afrilu 2016

Zuwa ga maigidana, Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiyarka da duk mutanen gida. Yaya makaranta, yaya zafin Anka? Ni da abin da ke cikina lafiya lau, alhamdu lillahi.

Duk ran da ka kira waya sai in ce maka komai lafiya, don tsakar gidanmu kunnuwa sun yi yawa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan manta da Talatar nan ba. Ina kwance, saura kaɗan in gama littafin da ƙawata Mardiyya ta ara mini, wake na bisa wuta, ka shigo ba ka yi mini tsiyar da ka saba ba, ta cewa wata rana littafi zai ƙone mana gida. Ka zauna bakin gado ka ce Gwaggo Asabe ta kira daga Gummi: ƙullutun da ke nonon Inna, wanda aka auna a Sakkwato, ciwon daji ne. Waken ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula.

Yaya, a duk littattafan da na karanta, wanda ya kamu da wannan ciwo ba ya kai shafin ƙarshe. Zai rame, ya yi wasiyya, a yi kuka. Kafin motarmu ta wuce mararrabar Bukkuyum na riga na yi wa Inna sutura a zuciyata. Da na shiga gida sai na iske ta tana korar kaji daga shanyar gero, har da jifa. Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, ta ce wa Gwaggo a ce wa waccan ta ajiye jaka ta ci abinci. Ka san ni ce ɗiyar fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, magana ma sai ta bakin wani.

Kwanaki na yi ban iya shiga ɗakinta ba. In na gan ta sai in zagaya bayan rumbu in yi kukana. Can Malama Bridget ta kama ni, ungozomar asibitin nan da ke haya kusa da mu. Ta ja ni ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta ɗaga riga ta nuna mini tabo. Ashe mama ɗaya gare ta, ɗayan tsumma take cusawa. An yi mata aikin tun autanta yana rarrafe, yanzu ya fi ta tsawo. Ta ce masu rubuta littattafan nan suna kashe mutum ne don takarda ta ƙare musu. Na yi dariya da majina a fuska. Ta karanta takardun Inna, ta ce likitoci sun rubuta abin bai yaɗu ba, in aka yi aiki da wuri akwai kyakkyawan zato.

Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Abu ɗaya ya rage: Inna ta ƙi a tsayar da ranar aikin. Kowa ya yi magana sai ta ce sai bayan damina. Ka taya mu addu'a. Ka gaishe da Hajiya.

Taka,
Hamsatu


Gummi, Mayu 2016

Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan murar ta sake ka. Yaya jikin Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan sai godiya.

Itacen da ka saya a Bukkuyum ya iso, mota guda, busasshe. Maƙwabta sai leƙe suke suna cewa ba su taɓa ganin mijin da ya kawo itacen wankan jego ciki bai kai wata shida ba. Gwaggo ta ce ɗokin ɗan fari ne, da za a bar ka, har ragon suna ka ɗaure. Na san tsoron ruwan sama ne ya sa ka gaggawa. Na ji daɗi, Allah ya ƙara buɗi.

Amma itacen nan shi ya buɗe mini ido. Inna ba ta bari kowa ya jera shi ba. Ita ta jera da hannunta, da hannun nan da ke yi mata tsami, ta rufe da tamfol, ta danne da duwatsu. Washegari ta fito da babbar garwa daga ɗakin ajiya ta goge. Ta aika a duba mata bishiyar darbejiyar da za a riƙa yanko ganyen wanka. Ta sayi kanwa ta ɓoye.

Da yamma muna tsinken zogale Gwaggo ta faɗa mini gaskiya. Likita ya gaya wa Inna cewa bayan aiki hannunta zai daɗe bai ɗauki nauyi ba, sannan akwai allurai na watanni masu galabaitar da mutum. Inna ta lissafa ta ga lokacin zai faɗa kan haihuwata. Wa zai dafa ruwa safe da yamma har arba'in? Wa zai dama kunun kanwa? Inna ta ce ita uwarta ta yi mata, ba za a ce ɗiyarta ta fari ta zo goyon ciki wata can ta yi mata wanka alhali tana da rai ba. Shi ne bayan daminar da take faɗa: bayan na haihu, bayan na yi arba'in.

Ni kuwa duk tsawon lokacin nan na ɗauka ta sallama ne, irin na littafi, tana jiran ajali. Har nakan dubi fuskarta ina neman alamar bankwana. Ashe lissafin tukunyar ruwan zafi take yi. Wallahi sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Matar da ke ɓoye kanwa don watan Satumba ba shirin mutuwa take ba.

Sai dai Malama Bridget ta ce watannin nan da Inna take son jira su ne ciwon yake so. Baba ya yi magana, Gwaggo ta yi, Inna ta ce ta ji.

Kada ka zargi kanka kan itacen. Abin yana zuciyarta tun kafin motar ta iso. Ina tunani, zan sake rubuto maka.

Matarka mai kewarka,
Hamsatu


Gummi, Mayu 2016

Yaya na,

Assalamu alaikum, da fatan ka wuni lafiya. Ina gaida Hajiya, ina kuma yi mata godiya ta musamman. Yanzu za ka ji dalili.

Shekaranjiya na ari wayar Gwaggo na fita bayan gida na kira Hajiya. Kunya kamar ta kashe ni, amma na faɗa mata komai. Ban gama ba ta katse ni, ta ce ita ta yi wa 'ya'yanta mata duka wanka, hannunta bai manta ba, kuma suruka ɗiya ce. Na roƙe ta kada ta gaya maka sai na fara gamawa da nan.

Jiya da hantsi Inna tana zaune gefen itacen jegon tana tsintar shinkafa, Gwaggo na gefe. Na zo na tsuguna. Na dubi Gwaggo na ce ta gaya wa Inna ba zan haihu a Gummi ba. Inna ta ce a gaya wa waccan ba a taɓa yin haka a gidan nan ba. Na ce a gaya mata ko ta jira ko ba ta jira ba, ni Anka zan koma, don haka jiran ba shi da amfani. Ta ce a tambayi waccan ko a cikin littattafan banzan nan ta koyo rashin kunya. Gwaggo ta tashi ta kaɗe zane, ta ce ita ba gidan rediyo ba ce, ga mu ga juna, ta shige madafa.

Muka rage mu biyu. Sai na ji bakina yana magana da ita kai tsaye, karon farko tun da na yi wayo. Na ce mata wankan kwana arba'in ne, ni kuwa so nake ɗan nan ya girma yana gudowa Gummi in ya yi laifi, ya sami mai ɓoye shi a bayan zane. Na ce in Allah ya ba ni na biyu, ko al'ada ba ta ce ba, nan zan zo, ta ƙona ni da ruwan zafi yadda take so.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafar da ba sauran tsakuwa a ciki. Can ta ce, da shinkafar take magana ba da ni ba, matan Anka ba su iya kunun kanwa ba, tsululu suke yi.

Da la'asar na ji tana ce wa Gwaggo a wanke mata atamfarta ta fita, kuma a tambayi Bridget ko asibitin Sakkwato suna barin mutum ya shiga da butarsa. Yau da safe ta ƙulle kanwar nan a leda ta tura cikin jakata.

Yaya, ban san yadda ƙarshen zai kasance ba, wannan karon ba ni da shafin baya da zan leƙa. Ina jin tsoro har yanzu, amma ina barci, ina cin abinci. Baba da Gwaggo za su kai ta ranar Litinin. Zan zauna har a fito da ita daga aikin in gan ta da idona.

Ka yi haƙuri na yanke ban shawarce ka ba. Ka turo mota a kwashe itacen a kai gidan Hajiya. A Anka zan haihu.

Allah ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Hamsatu