Ciwon da Na Ce na Maza Ne

Zuwa ga Ta-Ringim, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Shekarar da aka hana acaɓa a Kano kika tafi. Ban manta ba, don a daidaita sahu muka kai ki asibiti, kuma ba a zaune muka dawo da ke ba. Kin san ban yi boko ba, kwanan wata ba ya zama a kaina, amma abin da idona ya gani ba ya ɓacewa. Yau na zo amsa laifi ne, ke kuwa kin san ba halina ba ne.

Kin tuna madarar gwangwani? Duk tsawon aikina a kamfanin fata a Challawa, kowace Juma'a sai a miƙa wa kowa gwangwani guda, wai ta wanke sinadarin da muka shaƙa. Ke kike huda min ita da wuƙa, ki hana yara ko lasa. Kina cewa, "Ta Malam ce, shi ke cikin guba."

A wurin akwai abin da muke kira ciwon 'yan fata: murɗar ciki, zawo da jini, mutum ya rame kamar kara. Ya kama Bulus, mutumin Filato da muke inji ɗaya, ya kama wasu. Sai muka yanke cewa ciwon maza ne, na masu shaƙar sinadari. Babu likitan da ya gaya mana. Mu muka zauna a bakin get ɗin kamfanin muka ƙulla abinmu.

Shi ya sa da kika fara yawan ɗaukar buta, kika ce min cikinki ya ƙi, na ce ke me kika shaƙa? Basir ne. Na riƙa sayo miki sassaƙe kina jiƙawa. Ki dafa bango ki miƙe, ki ce da sauƙi, ni ina gefe da madarata. Ko wannan ciwon ne ya ɗauke ki, Allah ne masani, ba a kai ga bincike ba. Amma ban tsaya na saurare ki ba, wannan kam na sani.

To, ga Rabi, autarki. Tun rasuwar mijinta ta dawo gida, tana aiki a kamfanin leda a Sharaɗa. Bara ciwon ciki ya sa ta gaba. Likita ta ce sai an leƙa hanjinta da na'ura mai kyamara. Rabi ta ce ba za ta je ba sai na sa albarka. Na hana. Na ce basir ne irin na uwarki. Wata huɗu ina kan bakana, yarinya tana ƙarewa.

Ran nan da hantsi ina tsakar gida, na ga ta fito daga banɗaki ta dafa bango. Daidai wurin da kike dafawa, inda simintin ya yi sulɓi. Da ta gan ni sai ta ce, "Da sauƙi, Baba."

Washegari na raka ta asibiti, kuma wallahi gardama na je yi. Na ba likitar labarin Bulus da madara. Ba ta yi min dariya ba. Ta ce ciwon kumburin hanji suke zato, kuma ba ya tambayar mutum ko namiji ne ko mace. A wasu ƙasashe wani nau'insa ya fi yawa ga mata, a wasu ga maza, shekarun mutum ma suna sauya abin. A nan kuwa da wuya a san gaskiya, don mata da yawa ba sa zuwa. Kunya ce ke hana su faɗa, ko su faɗa a ce musu basir. Da ta zo nan ban iya ɗaga kai ba.

Na tambaya ko ana warkewa. Ta ce ba ya barin mutum gaba ɗaya, amma magani na kwantar da shi, mutum ya yi aikinsa, ya ci tuwonsa, ya tsufa. Wannan ya ishe ni.

Kada ki ɗauka na daina musu. Har gobe ina nan a kan cewa warin Challawa ba alheri ba ne ga cikin kowa. Amma batun ciwon maza, na janye.

Gobe ne binciken. Yau Rabi ba ta ci abu mai nauyi ba, tana ta shan maganin wanke ciki da aka ba ta, tana yamutsa fuska, tana tsokanata wai ita ma yau ta sami tata madarar. Dariyarki sak. Na daɗe ban ji ta a gidan nan ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika haɗiye ya zama kaffara. Ya ba Rabi lafiya mai ɗorewa. Ki yafe min, Ta-Ringim.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan asuba zan tare a daidaita sahu, in zauna kusa da ita har asibiti, in riƙe mata jakarta a bakin ƙofa har a gama. In na mayar da ita gida zan wuce bakin get ɗin Challawa, in sami sauran tsofaffin abokan aikina, in ce kowa ya je ya tambayi matarsa yaya cikinta, kuma ya tsaya ya ji amsa.

Naki har kullum,
tsohon nan mai taurin kai,
Malam Idi