Daƙiƙa Goma

Duluth, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun na dama? Ma'aikaciyar gidan jinyar ta ce tun da ɓarin jikin ya shanye har yanzu maganarki ba ta dawo sosai ba, amma idon karatu garau yake. Shi ya sa zan riƙa rubuto miki, tunda waya ta zame mana wahala.

Na san labarin makaranta kike son ji. Ke da kika shekara talatin da huɗu kina koyar da lissafi da alli, to yanzu an daina gwajin takarda, wasa ake yi. Tambaya ta fito a babban allo da amsoshi huɗu, kowace da launinta, yara su latsa a kwamfutocinsu, kiɗa na tashi sai ka ce gidan caca. Amsa daidai tana da maki, amma wanda ya riga latsawa ya fi samu. Bayan kowace tambaya sunaye su jeru a allon, daga na ɗaya har na ƙarshe. Ni ke saita lokacin, daƙiƙa ashirin nake ba su. A ƙarshen zango biyar na sama za su shiga ajin lissafi na musamman.

Akwai wata yarinya, Wren Halvorsen, 'yar shekara sha ɗaya. Da yatsa take bin tambaya, leɓe na motsi, sannan ta ɗauki fensir ta yi aikin a takarda. Rabin tambayoyin lokaci ke ƙare mata kafin ta latsa. In na duba takardar kuwa, amsar tana nan daidai, ban taɓa kama ta da kuskure ba. Duk Juma'a in aka yi wasan ita ce ta ashirin da shida, wato ta ƙarshe. Rannan ta tsaya bayan tashi ta ce, "Malama, ina son ajin nan sosai. Babana ya ce in na shiga, zai sauka da ni ɗakin injin jirgin ruwan da yake aiki a ciki." Na ce mata to sai ta koyi hanzari.

Yaran su ke rubuta sunan da suke so a wasan. Makon jiya wani mai rawar kai, Tanner, ya shiga da suna Kunkuru. Kafin in ankara allon ya cika: Kunkuru Biyu, Kakar Kunkuru, Kunkuru Ya Yi Barci. Sunan Wren kaɗai ke can ƙasa. Mama, ba zan ɓoye miki ba, dariya ta kuɓuce mini, kuma ta ga lokacin da na yi.

Ki riƙa cin abinci. Na gaishe ki ƙwarai.

'Yarki,
Colleen

Duluth, 14 ga Nuwamba

Mamana,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin nan bai taɓa ƙafafunki ba. Mu nan ƙanƙara ta fara sauka.

Raina a ɓace yake. Uwar Wren ta tsallake ni ta kai ƙarata wurin shugaban makaranta. A gidan burodi take aiki, da fulawa a hannun riga ta shigo ofis, ta zube takardun 'yarta a kan tebur. Ta ce, "Ku duba da idonku, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Lissafi ake gwadawa a nan ko tseren doki?" Sai ta juyo gare ni a gaban mutumin ta ce, "Ke kuma an ce har da ke a masu dariyar. Ba ki ji kunya ba, da girmanki?"

Shugaban ba ya son rigima. Ya miƙo mini takardun ya ce, "Colleen, lokacin a hannunki yake, ki duba abin da ya dace." Haka ne kuwa. Latsawa ɗaya zan yi ya zama minti guda, ko in kashe makin sauri gaba ɗaya, kuma na san wadda za ta hau sama in na yi.

Ranar Juma'a na zauna zan ƙara lokacin. Ina ɗaga kai na hango ta ta fere fensir biyu ta jera su, ta zuba mini ido irin na wanda aka yi wa alkawari. Ban san me ya taso mini ba. Na mayar da shi daƙiƙa goma.

Tambaya huɗu ta samu cikin ashirin. Ba ta yi kuka ba, wuyanta ne kawai ya yi ja. Ni kuwa na ci abincin rana da daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Taki,
Colleen

Duluth, 18 ga Disamba

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kwanan jiki?

Wren ta koyi hanzari. Ta daina zuwa da fensir. Tambaya na fitowa take latsa launin da hannunta ya faɗa a kai, ko karantawa ba ta yi. Makon jiya sa'a ta bi ta, ta hau ta tara, ajin ya ɗauki tafi, Tanner yana ihu, "Kunkuru ya sayi mota!" Ta yi murmushi, Mama. Wannan murmushin ya fi komai tsaya mini a rai. Yanzu rahoton kwamfuta ya nuna fiye da rabin amsoshinta kuskure ne, babu uwar da za ta sake zube mini takarda. Tsofaffin takardun nata, shafi sittin da ɗaya, na zuba su a kwandon shara. Jiya na tura sunaye biyar. Ta tambaye ni ko tana ciki, na ce a'a. Ta ce, "Ba komai, Malama, dama ni ba na ganewa."

Kin san wannan maganar, don na taɓa faɗa miki ita. Da nake kwashe kayan gidanki na tsinci agogon girkinki mai ƙararrawa, mai siffar ƙwai. Kin tuna teburin kicin? Ki murɗa shi ki ajiye a gabana, ki ce, "Bakwai sau takwas." Na san amsar, wallahi na sani, amma da ya fara ƙas-ƙas sai harshena ya ɗaure. Yana kaɗawa ki janye farantina ki ce, "Wanda ya sani ba ya tsayawa tunani." Shekarata arba'in da shida, har yau in wani ya tsaya a kaina yana jira, abin da na sani ɓace mini yake yi.

Ma'aikaciyar ta ce yanzu kina iya fitar da kalma in an yi haƙuri an jira ki, wani lokaci har minti guda. Ta ce komai yana nan a kanki, fitowar ce ke da wuya. Na yi murna da jin haka. Zan zo ranar Lahadi da rana, akwai tambayoyin da na daɗe ina son in yi miki. Zan taho da agogon, har yanzu yana aiki.

'Yarki da kika koyar,
Colleen