Ina Kwance a Mace, Wani Yana Ɗaga Matata

Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni kafin in sake tafka wata ɓarnar. Saura mako biyu a rufe bukukuwan bana, ni kuwa ban san ko aurena zai kai ranar ba.

Shekarata hamsin da tara, aurenmu da Glenda shekara talatin da ɗaya. Muna cikin ƙungiyar masu ajiye tsofaffin motocin soja, daga Mayu zuwa Satumba kusan duk Asabar muna wani ƙauye a nan Yorkshire, mu baje motoci da safe, ƙarfe biyu mu yi wa jama'a kwaikwayon yaƙin duniya na biyu. Ni sojan Jamus nake fitowa. Kar ki yi min wata fassara, kakana a Faransa ya baro ƙafarsa ɗaya yana yaƙarsu. Babur ne ya ja min. Na tsinci wani tsohon babur ɗinsu mai kujera a gefe, tsatsa ta cinye shi, na shekara huɗu a gareji ina tada shi. Mai babur ɗin Jamus kuwa ba shi da zaɓin kaki. Kuma dole a samu wanda zai sha kaye, in ba haka ba me mutane za su kalla?

To shekara bakwai ke nan ina mutuwa duk Asabar. Dokarmu ɗaya ce, kuma Norris shugabanmu ba ya wasa da ita: wanda aka harbe ba ya motsi sai an busa usur. Ko ƙuda ya shiga hancinka, gawa ce kai. Minti ashirin nake yi a kife, hular kwano ta danne min wuya.

Matsalar bara ta fara, da Clive ya shigo da jif ɗinsa. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, a Hull aka haife shi, amma da ya saka kakin hafsan Amurka sai ya riƙa taunar cingam yana magana ta hanci. Norris ya ƙara wani abu a ƙarshen wasan, wai bayan an gama da mu, wata 'yar ƙauyen Faransa ta fito da furanni ta miƙa wa hafsan da ya 'yanta su, ta sumbace shi a kumatu. Wa aka zaɓa? Glenda. Ita ta ɗinka rigar da hannunta, shuɗiya mai ɗigo-ɗigo, kuma Allah ya sani ta yi mata kyau, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Anti, ki duba min. Ina kwance taku ashirin daga wurin, bakina cikin ciyawa, ba na gani, sai ji. Ina jin takun takalminta. Ina jin shirun nan. Sai tafi ya ɓarke. Mutum dubu suna tafa wa wani ƙato don matata ta sumbace shi, ni kuma an hana ni ko ɗaga kai.

Ba a nan ya tsaya ba. Da yamma akwai rawa a zauren ƙauye, kuma ba a shiga da kakin Jamus, ko titin gari ba ma takawa da shi. Sai in zauna bakin tantin da muka kafa a filin ina goge fulogin babur, kiɗa yana zuwar min ta kan katanga. Da wa take rawa? Kin sani. Gaskiya ta sha cewa in bi ta koyon rawar zamanin yaƙin a zauren coci ranar Talata, duk hunturu sai ta faɗa, amma lokacin ne kaɗai nake samu in kwance inji. Wani abin kuma, duk safiyar wasa sai ta ɓace min rabin awa. Ta ɗauki bokiti da safar hannunta ta aikin lambu, ta ce tana zuwa. Wane lambu ne a filin kiwon mutane? Ta bayan fili take bi, tantin Clive kuma ta can yake.

Ga abin da na yi. Asabar ta biyu a Agusta, an harbe ni, na faɗi yadda na saba. Na ji takunta, na ji shirun, sai na ji dariyarta. Anti, na san dariyar wasa, wannan ba ita ba ce. Wannan dariyar rabona da ita tun yaranmu suna ƙanana. Na buɗe ido ɗaya, sai ga shi ya ɗaga ta sama yana juyi da ita, abin da babu shi a tsari. Ban san lokacin da na miƙe ba. Da jinin ƙarya a ƙirjina na ratsa filin, na tsallake gawar abokina Alf, na ce, "Malam, sauke min matata!" Mai lasifika ya ce, "Jama'a, da alama Jamus ba ta yarda an gama ba." Fili ya kwashe da dariya. Hoton ya zaga wayoyi, har a kantin kifi da dankali yanzu Mamaci suke kirana.

Glenda ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A mota cewa kawai ta yi, "Ka gama?" Tun ranar, shayi ma kowa nasa yake haɗawa. Asabar ɗin da ta biyo kuma, don rashin sa'a, na faɗi tsakiyar kashin shanu, fuskata cikin ciyawar nan mai ƙaiƙayi, kwana uku ina susa. A shekara bakwai bai taɓa faruwa da ni ba. Ina zargin Clive ne ya sa aka matsar da layin da muke faɗuwa.

Norris ya ce a wasan ƙarshe ko in mutu kamar kowa ko in ajiye kaki. Ni kuma na shirya in ce mata ta zaɓa, ko ta ajiye furannin nan ko ni. Kishi yana cina, ba na ɓoyewa. In faɗa mata?

Mamacin Asabar

Mamacin Asabar,

Kar ka faɗa mata. Ka haɗiye wannan maganar da shayinka, ka zauna mu duba wasiƙarka tare, don akwai abin da ka rubuta da hannunka ba ka karanta ba.

Da farko, ban ga laifinka don ka ji zafi ba. Kwanciya a kife kana jin ana tafa wa wani saboda matarka ba ƙaramin abu ba ne, ko da wasa ne. Clive ya wuce iyaka da ya ɗaga ta, kuma Norris da ke tsananta doka a kan gawa ya kamata ya tsananta ta a kan masu rai. Kana da damar ka same shi cikin natsuwa ka ce furanni da kumatu ne tsari, a tsaya nan. Ita ma Glenda, da ta lura da mijin da take bari bakin tanti duk yamma, da ya fi.

Amma kai ma ka duba naka. Kakin aka hana shiga zauren, ba kai ba. Kwat da wando na zamanin yaƙin ba su fi ƙarfin mutumin da ya tada babur daga tsatsa ba. Hunturu bakwai tana roƙonka ka bi ta ranar Talata, kai ta fara nema, kana ƙarƙashin inji. Dariyar da ta tashe ka daga mutuwa ba Clive ne ya sace maka ita ba, a zauren coci ka bar ta. Sannan ka kunyata ta gaban mutum dubu, a rigar da ta ɗinka da hannunta, ka nuna wa duniya ba ka yarda da ita ba. Shirun da take yi na wannan ne.

Yanzu maganar bokiti. Shekara bakwai kana faɗuwa rub da ciki a filayen da shanu suka kwana, ba ka taɓa faɗa wa kashi ko ƙaiƙayi ba, ka ɗauka sa'a ce? Mace ta fita da sassafe da bokiti da safar lambu, ta nufi bayan fili inda layinku yake. Ban gani da idona ba, amma ban taɓa jin wadda ta je wurin saurayi da bokiti ba. Wurin da za ka faɗi take sharewa, bawan Allah. Ta fara tun Clive bai san hanyar ƙungiyarku ba, ka tuna da kyau. Asabar ɗin da ka yi ta susa, babu wanda ya matsar da layi. Ita ce ba ta fita ba.

Ga shawarata. Yau ka haɗa shayi kofi biyu, ka ba ta haƙuri, ba tare da "amma" ba, kuma kar sunan Clive ya fito daga bakinka. Ka gaya mata dariyar ce ta tashe ka, kuma ka yi kewarta, wannan gaskiyar ta fi duk wani sharaɗi ƙarfi. Ranar Talata ka rufe gareji. A wasan ƙarshe ka mutu mutuwa mai kyau, ka bar ta ta miƙa furanninta a yi mata tafi, ta cancanta. Da an busa usur ka wanke jinin, ka sa kwat, ka je ka tattake mata ƙafa a filin rawa, za ta jure.

Kar ka tambaye ta ko ta yafe, kuma kar ka leƙa ko ta ɗauki bokiti. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna, idan kuncinka ya taɓa ƙasa, za ka sani. Allah ya daidaita ku, ya sa ka faɗi a wuri mai tsabta.

Anti Beryl