Wuri a Wayar Clovis

Zuwa ga Odile, sanyin idona, inuwar da nake nema in rana ta take a tsakiyar kogi, mai dariyar da ke riga mai ita isowa bakin gada,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafar nan taki ta daina damunki. Ina rubuto miki ne daga ɗakin girkin jirgi. Muna tura kwale-kwalen takin zamani zuwa arewa, kogin ya ja baya sosai bana, tukunyar jan wake kuma na kan wuta tunda yau Litinin ce, ranar da muka saba cinsa. Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na tura miki saƙo ta waya har babban yatsana ya gaji, duk suna can tsaye a hanya, domin wayarki ta cika ta batse, ko "ina kwana" ba ta da inda za ta ajiye. Kafin ki yar da ambulan ɗin nan, ki duba kusurwar takardar. Akwai wani ɗan abu baƙi da na manna, bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba. Katin memori ne. Kada ki bari iska ta ɗauke shi, kada kuma ki ba magen nan taki dama.

Ya ke farar balbelata mai tsayuwa ita kaɗai a bakin fadama! Ya ke iskar teku ta farkon sanyi, mai korar sauro da zafi a tashi ɗaya! Kin san ni kuku ne, ba mawaƙi ba, furfura kuma ta riga ta cinye mini kai. Amma wa ya ce zuciyar tsoho ba ta tafasa? Tafasa take yi, sai dai a hankali, da murfi a rufe. In na leƙa taga na ga hazo kwance a kan ruwa, ke nake tunawa. In na yanka kuɓewa, ke nake tunawa, da yadda kike cewa nawa yankan ya yi kauri. Wace irin cuta ce wannan da mutum zai tsaya gaban albasa yana murmushi? Na bar wa likitoci su nemo mata suna, ni dai ga ni cikinta.

To, bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna yammacin da na zo yi miki sallama kafin mu tashi? Muna zaune a barandarki, kwanon jatan lande a tsakaninmu muna ɓarewa, wayar tana kan tebur. Wayar Clovis ce, wadda kika koma riƙewa tun da ambaliyar nan ta tafi da taki. Clovis mijinki ne, Allah ya ji ƙansa, amma kafin ya zama mijinki abokina ne, tun muna tsallaka shingen mutane muna satar kankana. Na san abin da ke cikin wayar nan kamar yadda kika sani. Manhajar taswirar ruwa ce, wadda yake fita kamun jatan lande da ita. Sauran masunta in sun ci karo da wani abu a ƙarƙashin ruwa, alama kawai suke sa wa wurin. Shi kuwa, da yake rubutu ba ya masa daɗi, sai ya danna wurin ya yi magana. Haka ya bi tafkuna da mashigai duka ya cika su da muryarsa.

Kin kunna mini wasu a ranar. "Nan akwai tsohon jirgi kwance a ƙasa, ya ci mini taru sabo fil, Allah ya isa!" Sai wani wurin kuma: "Nan jatan lande kamar ƙasa. Kada kowa ya faɗa wa Valsin, bakinsa ba shi da ƙofa." Kika yi dariya har kika share ido da bayan hannu. Ni ma na yi, ko da yake sharri ya yi mini.

Sannan kika kife wayar kika ce, "Valsin, abin nan ya ce in zaɓa. Taswirar ce ta cinye wurin, kowa ya duba haka yake faɗa mini. Ranar waliyyai da ake gyaran kaburbura, in na gama yi wa kabarinsa farin fenti, zan dawo gida in goge ta. Ya isa haka. Kai ma ka huta da tura saƙo cikin iska."

Na ce, "To."

Kika ce, "To kawai? Kai dai, da dutse na yi wa magana da ya fi ka amsawa."

Na ci gaba da ɓare jatan lande. Kin san halina, magana ba ta zo mini sai jirgi ya yi nisa da gaɓa. Ga amsar yanzu, a rubuce, don kada ki ce ba ki ji ba: kada ki goge.

Ba kirki ne ya yi mini yawa ba, hasken gidana, lissafi na yi irin na mai girki. Manhaja in aka goge ta, da abin da ke cikinta take tafiya. Muryar nan ba ta da kwafi a ko'ina, Clovis bai taɓa yarda ya ajiye komai a wani wuri da idonsa ba ya gani ba. In kika goge, wata safiya za ki zauna da kofin kofi, yatsanki ya tafi inda ya saba zuwa, ya tarar babu kowa. Me zai gani a wurin? Saƙona, ina tambayarki ko kin tashi lafiya. Ranar farko za ki yi haƙuri. Ta biyu ma haka. Wata rana kuwa za ki dubi sunana ki ji haushinsa, kuma ba zan ga laifinki ba. Ina sonki, Odile, na faɗa ba kwana-kwana. Amma ba na son wurin da aka share mutum aka shimfiɗa mini tabarma.

Na yi ta juya zancen nan a raina har ya fito a girkina. Thuan, makanikin jirginmu, wanda iyayensa ma masunta ne a ƙasan garinku, ya ɗanɗana miya ya ajiye cokali. Ya ce, "Kai kuku, kashe mu za ka yi? Gishirin nan na soyayya ne ko na ƙiyayya?" Na ce ya ci ko ya bari. Bai bari ba, ya tsare ni da tambaya har na kwashe labarin na faɗa masa. Ya yi tsaki ya ce, "Ku tsofaffin nan akwai ku da son kuka! Wa ya ce mata sai an goge? In ɗaki ya cika ai ba ƙona kaya ake yi ba, ɗakin ajiya ake nema a bayan gida." Da muka tsaya shan mai, shi ya raka ni kanti muka sayo katin nan. Ya sa na gwada a wayata, na sake gwadawa, yana tsaye a kaina yana zagina, har hannuna ya iya.

Saboda haka ki sa tabaraunki, tauraruwata, ki zauna inda akwai haske, ki bi ni a hankali.

Ki kashe wayar tukuna. A gefenta akwai wani ɗan rami kamar hujin kunne. Ki zura masa bakin ɗan kunnenki, wani ɗan aljihu zai fito. Ki kwantar da katin a cikinsa, gefen zinariya yana kallon ƙasa, ki mayar, ki kunna. Wayar za ta nemi izinin share katin don ta shirya shi. Ki yarda, babu komai a cikinsa, sabo ne. Daga nan ki shiga saiti, wurin da aka zana ɗan gargare mai haƙora, ki nemi jerin manhajoji. Ki taɓa guda ɗaya, ki shiga ma'ajinta, za ki ga inda aka rubuta a canza. Ki danna, ki zaɓi kati, ki jira ta gama ƙaura. Shi ke nan. Wasu za su ƙi tashi, ba za su ma nuna miki wurin canzawar ba. Kada ki yi musu da su, ki wuce ta gaba.

Amma fa ki buɗe ido a nan, don Allah, don Allah! A wannan shafin dai, ɗan ƙasa kaɗan, akwai wani maɓalli mai cewa a share bayanai. Ban san wane mara imani ne ya ajiye su kusa da juna ba. Na san yatsunki, sun saba da ɓawon jatan lande da igiya, sauri gare su. Wannan maɓallin ba ya dawo da abin da ya ɗauka. In waya ta tambaye ki wani abu da ba ki gane ba, ki ce mata a'a, ki ajiye ta, ki je ki sha ruwa.

Ga waɗanda za ki kora. Wasannin da jikokinki suka cusa miki, mai alewa da mai gonar kaji, su fara fita. Manhajar karta da Clovis ya yi ta bugawa bai taɓa ci ba, babu muryarsa a ciki, ta bi su. Ta kantin magani, ta rediyo, ta sayayyar da ba ki taɓa sayen komai da ita ba, da waccan mai ƙirga takun ƙafa da 'yarki Noemie ta sa miki don ta riƙa sa miki ido daga birnin Houston. Duk su tattara su koma kati. Ta yanayi kuwa ki bar ta a inda take, lokacin guguwa bai gama wucewa ba.

Kin ga? Ban roƙe ki komai don kaina ba a takardar nan. Maganar aure tana nan inda muka bar ta, a kan barandarki, ban matsar da ita ko taku ɗaya ba. In kin ga dama ki ɗauka, in ba ki gani ba ta ci gaba da zama. Amma wayyo, Odile! Kin san yadda kogin nan yake da tsawo ga mutumin da ke jiran kalma ɗaya? Gari ya wuce, gada ta wuce, sabis ya zo ya tafi, in zaro waya daga aljihun riga da hannu duk gari, in tarar saƙona na nan inda na bar shi. Sai in mayar da ita in ci gaba da murza burodi. Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ki.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Za ki ga taswirar ita ce babba a jerin, zuciyarki za ta ce ki fara da ita a huta. Kada ki taɓa ta. Ko shafinta kada ki buɗe. Thuan ya gaya mini gaskiyar katin nan, ni ma ba zan ɓoye miki ba: kati ba shi da alƙawari. Yana iya shekaru lafiya lau, yana kuma iya mutuwa rana tsaka babu sallama, balle a gida irin naki da iskar gishiri ke cin ko ƙusar ƙofa. In ya mutu, abin da ke kansa ya tafi ke nan. Cikin wayar ya fi aminci nesa ba kusa ba. Clovis ya zauna a ciki, har in dawo mu nemi wanda ya iya ya kwafe mana muryar a wani wuri.

In kin kwashe sauran duka wuri bai isa ba, to ki nemi manhajar hira, wadda saƙonnina ke shigowa ta cikinta. In ta yarda ta tashi, ita za ki kai kan kati. Da na faɗa wa Thuan haka sai ya riƙe baki ya ce, "Kai tsoho, ka san me kake cewa kuwa? Ran da katin ya mutu, duk wata magana mai daɗi da ka taɓa tura mata ta bi ruwa."

Na ce masa sai in sake faɗa.

Ni da raina nake, Odile. In na ɓace daga wayarki, ina da ƙafa, na san hanyar gidanki, zan zo in tsaya a bakin matakala in faro miki daga farko, har ki gaji ki ce in yi shiru. Shi Clovis ba zai iya ba.

Naki, yau da gobe da duk abin da Allah ya rage mini na kwana, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,

Valsin Cheramie